Wifin gida na yankewa: in sayi sabon ruter ko in dakata?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na tambaya da amsa kan kayan zamani. Tun da zafin nan ya kankama saƙonnin da ke shigo mana kusan duk kuka ɗaya ne, wifi na yankewa, koneksiyon na jan ƙafa. Na ɗauko guda uku, ta farko zan daɗe a kanta don ita ce ta kwaso matsalar mafi yawan gidajenmu.

TAMBAYA: Salamu alaikum malam, ina gaishe ka da aiki. Ni magidanci ne nan Tawa, unguwar Sabon Gari. Ina da ruter na 4G irin wanda ake sa ma pus, ya kwan biyu hannuna, to wallahi kwanakin ga ya ishe ni, da sahe lahiya lau yake amma da an yi magariba sai abin ya lalace, in na kira ƙanena da ke Abijan ta bidiyo hoto ya tsaya murya ta tsinke sai mu yi ta alo alo, kuma ɗakin uwargida da ke can ƙuryar gida ko sanda guda ba ta kaiwa sai ta hito tsakar gida. Muna da yawa gidan, salula ta kai sha biyu in an haɗa da na yara. Wani yaro mai butik ya gwada min wani ruter mai eriya shidda ya ce in na saye shi an gama magana. Na aje jika hamsin. In saya ko mi kake gani?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara arziki ya bar zumunci. Ka riƙe kuɗinka tukuna, kar ka saya yau. A cikin wasiƙarka ciwo biyu ne ka haɗa wuri ɗaya kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na ɗakin uwargida ciwon cikin gida ne, wifi ne bai kai can ba, wannan kam ana gyara shi da kaya. Amma na magariba, wanda da safe lafiya da dare ya lalace, sau da yawa daga waje yake zuwa, wato tsakanin eriyar kamfani da gidanka, kuma wannan ko ruter mai eriya ashirin ka kawo ba lallai ya taɓa shi ba. Kamar ruwan famfo ne, in ruwan bai zo da ƙarfi daga babban bututu ba, sabon tiyo ba zai ƙara maka ko ɗigo ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne sandunan nan na wifi da ke saman salula. Su fa ba intanet suke aunawa ba, ƙarfin magana ce kawai tsakanin salularka da ruter. Za ka iya ganinsu cike taf alhali ruter ɗin shi kansa ba ya samun komai daga waje.

Don haka ga gwajin da nake so ka yi, ba ya cin ko dala in ban da ɗan forfe. Ka tsaya dab da ruter, ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest, ka rubuta lambar da ta ba ka da safe, ka sake bayan isha'i. Da daren sai ka roƙi mutanen gida kowa ya kashe wifinsa na minti biyar ka sake aunawa, don kar mu ɗora wa kamfani laifin yara, da magariba ne kowa ke gida, wannan na TikTok wancan na YouTube ga salula na ɗaukar sabuntawa da kanta ba wanda ya aike ta, salula sha biyu a kan pus ɗaya ba wasa ba ne. In da suka sauka gudu ya dawo, to gidanka ne ya fi ƙarfin abin da ke shigowa. In kuma kai kaɗai ne a kai, kana tsaye kusa da shi, amma har yanzu abin na rarrafe, to eriyar unguwa ce ta cika, domin 4G rabo ake yi, duk wanda ke ƙarƙashin eriya ɗaya daga tukunya ɗaya ake zuba masa, kuma dare ne lokacin da kowa ke miƙo kwano. A nan abin yi shi ne ka ari pus na wani rezo ka gwada a daidai wannan lokacin. Muna da Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom, kuma wanda ya fi ƙarfi a wata unguwa ba lallai shi ne ya fi a taku ba, ya danganta da inda eriyarsu take da yawan mutanen da ke kanta, shi ya sa ba na ce wa kowa ga gwani, gwaji a ɗakinka shi ne alƙali.

Wani lokacin ma matsalar ta wuce Tawa ta wuce Yamai. Ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta wayoyin fibir yake biyowa daga ƙasashen bakin ruwa, in ka tuna ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku irin su WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka samu matsala a wajen gaɓar Kodibuwa, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma suka kwana a wahala. Ranar irin wannan ruter ba shi da laifi ko kaɗan.

Yanzu mu zo kan mai eriya shiddan nan. Abu na farko Alhaji, ka koma butik ka juya shi ka duba ko yana da wurin sa pus. Mafi yawan masu eriya da yawan nan da ake jerawa a kanti ba su da shi, su aikinsu su karɓi intanet ta waya daga wani akwati su watsa shi cikin gida, ba sa kamo 4G da kansu. Mutane da dama sun kai irinsa gida suka buɗe kwali suka yi ta neman ramin pus babu. Kuma yawan eriya ba shi ne nisa ba, ƙarfin da aka yarda ruter ya watsa yana da iyaka, sannan magana ce ta je ka dawo, ko ruter ya yi ihu ya kai ɗakin uwargida, salularta ƴar ƙarama dole ita ma ta iya mayar da amsa ta cikin bangayen nan.

In har gwaji ya nuna tsohon naka ne ya gaji kuma za ka sayi wani mai pus, ga abin da za ka karanta a jikin kwali. Ka nemi inda aka rubuta Cat, wato ajin gudun 4G da ruter ke iya kamowa. Cat4 iyakarsa a takarda 150 Mbps (Mbps shi ne ma'aunin gudun intanet), Cat6 kuma 300, amma ba lambar ce ta dame ni ba don ba wanda zai ga wannan gudun a gida, abin da ya sa na fi son Cat6 zuwa sama shi ne yana iya haɗa zango biyu na 4G a lokaci guda in eriyar kamfani na ba da hakan, shi ne ake rubuta wa 4G+, kuma a wurin cunkoso yana taimakawa. Misali TL-MR6400 na TP-Link da B311 na Huawei Cat4 ne kuma wifinsu 2.4 GHz kaɗai, Archer MR600 Cat6 ne, B535 na Huawei Cat7, su biyun nan suna da 2.4 da 5 GHz. Ba talla nake musu ba, na kawo su ne don ka san bambancin in an jera maka. Ka tambaya kuma ko a buɗe yake, wato yana karɓar pus na kowane rezo, don akwai waɗanda aka ƙulle kan kamfani ɗaya, akwai ma waɗanda ake shigowa da su ta Ƙwanni masu tambarin kamfanonin Najeriya, in ba a buɗe su ba pus ɗinmu ba zai yi aiki ciki ba. Ka je da pus ɗinka a sa a gabanka ka ga ya kama 4G kafin ka miƙa kuɗi, ka karɓi takarda, ka ji maganar garanti. In yana da ramuka biyu a baya na ɗaura eriyar waje to ƙari ne mai kyau, musamman ga na bakin gari.

Maganar 2.4 da 5 GHz kuwa, a taƙaice 2.4 ya fi nisa ya fi ratsa bango amma a hankali yake kuma cunkoso ya yi masa yawa, Bluetooth ma a nan yake, 5 GHz ya fi gudu ya fi tsabta amma bango biyu sun isa su karya shi. Ruter mai duka biyun shi ne daidai da gida mai mutane da yawa, na kusa su hau 5 su bar wa na nesa 2.4.

Sai dai ni a ganina, da jika hamsin ɗin nan, ba canjin ruter ne farkon abin yi ba. Gidajenmu ba irin na Turai ba ne da aka yi waɗannan kaya dominsu, mu ɗakuna ne a jere kewaye da tsakar gida, bangon siminti ko na laka mai kauri, rufin kwano, ƙofofin ƙarfe, tagogin ƙarfe, kuma ƙarfe shi ne babban abokin gabar wifi, mayar da shi yake baya. Ruwa ma na shanye shi, don haka kar a aje ruter bayan randa ko tanki ko kan firigo. Ruter mai pus yana da buƙata biyu masu karo da juna, yana son bakin taga ta wajen da eriyar kamfani take don ya kamo 4G, yana kuma son tsakiyar gida don ya raba wa kowa, kuma da wuya wuri ɗaya ya biya duka biyun. Mafita ita ce a raba aikin. Tsohon ya zauna inda ya fi kamo rezo, a sama, ba ƙasa ba, ba cikin kabad ba. Sai a ja wayar rezo, Cat5e ko Cat6 (wannan Cat ɗin ajin waya ne, ba na 4G ba), daga bayansa zuwa ɓangaren uwargida, wayar nan tana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, a can a ɗaura ruter na biyu marar pus a sa shi a yanayin da ake kira AP, wato ya karɓi intanet ta wayar ya watsa shi ta wifi, irin su Archer C6 sun isa wannan aiki har da saura. A nan ne mai eriya shiddan zai iya amfani in farashinsa bai wuce hankali ba. Wayar in za ta bi waje a sa ta cikin bututun roba saboda rana da ɓeraye.

Wurin da ya fi kamo rezo kuma ba da ido ake gane shi ba. Ka shiga shafin ruter ɗin ta salula, adireshin na rubuce a ƙarƙashinsa, galibi 192.168.8.1 ga Huawei, wasu 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, ka nemi lambar da ake kira RSRP, ita ke nuna ƙarfin 4G da yake kamowa. Lamba ce mai alamar ragi, in tana wajen -80 to madalla, -100 ana lallaɓawa, in ta kai -110 abin ya yi rauni. Ka riƙa matsar da shi taga zuwa taga kana dubawa, wani sa'in taku uku kawai ke tsakanin wahala da jin daɗi.

Za a ce maka ka sayi ɗan ƙaramin nan da ake soka wa a bango, repeter, ba sai an ja waya ba. Yana aiki amma ka san abin da ka saya, mai zango ɗaya da baki ɗaya yake saurare da shi yake maimaitawa, don haka gudu na raguwa kusan rabi, kuma kuskuren da kowa ke yi shi ne a kai shi cikin ɗakin da ba rezo, to me zai maimaita? Tsakiyar hanya ake sa shi inda wifi ke da sauran ƙarfi. Akwai kuma mesh, akwatuna biyu ko uku masu aiki da suna ɗaya kana yawo salula na canjawa da kanta, abu ne mai daɗi amma da tsada, kuma a gidan bango mai kauri shi ma sai an haɗa shi da waya yake nuna kansa.

Saura abu biyu da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali amma su ke kashe mana kaya a ƙasar nan, zafi da kuran. Yawancin ruter na gida an yi su ne su yi aiki tsakanin 0 zuwa 40 na ma'aunin zafi, kai kuwa ka san Tawa a watan Afrilu da Mayu, inuwa ma tana wuce 40 balle ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka. In ya yi zafi sai ya rage gudu ko ya mutu ya tashi da kansa, mutum ya ce rezo ne. Ka taɓa shi da azahar, in yana ƙona hannu ka canja masa wuri, kar rana ta doke shi ta taga, kar a lulluɓe shi da ƙyalle wai don ƙura, gara a riƙa goge ramukan iskarsa lokacin hunturu. Kuran kuma in yana ɗaukewa yana dawowa, ko yana rawa, kowane ɗaukewa sai ruter ya ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ya dawo daidai, kuma cajarsa ce ke fara lalacewa, caja mai rauni na sa shi ya riƙa yankewa alhali fitilunsa na kunne. Akwai ƴan ƙananan batura na musamman da ake sa wa tsakanin caja da ruter, suna riƙe shi awanni don ba ya cin wuta sosai, ka duba bayansa ka ga ko 12V ne ko 9V ka sayi daidai da shi, kar a haɗa masa wanda ya fi ƙarfinsa. In kana da pano da batir a gida to ka ma huta.

Don haka tsarin da zan ba ka shi ne gwaji tukuna, sannan waya da ruter na biyu saboda uwargida, sannan ɗan batir, in kuɗi ya yi saura kuma gwaji ya nuna tsohon ne ya gaza sai a yi maganar sabon ruter mai Cat6. A gaida mutan gida.

TAMBAYA: Ina wuni malam. Ni ina Yamai ne, unguwar Bukoki, ina da shagon ɗinki a gaban gida kuma ta WhatsApp da Facebook nake tura wa masu saye hotuna. An ja mana fibir, teknisiyen ya auna a gabana da waya gudu ya yi kyau sosai, amma a salula ko rabi ba na samu, ga shi ina zargin yaran maƙwabta sun san kod ɗina don kullum da dare suna zaune jikin katangarmu. Ruter ɗin ƙanena ne ya ba ni, an rubuta N300 a jikinsa. Me zan yi?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Ke kam taki ta fi sauƙi, tunda an auna da waya an ga gudu to hanyar waje lafiya take, a nan sabon ruter zai yi magani da gaske. N300 tsohon tsari ne, Wi-Fi 4 na shekarar 2009, zango ɗaya gare shi wato 2.4 GHz, kuma 300 ɗin nan lambar takarda ce, a zahiri ba ya kusantar ta. Ga unguwa irin Bukoki gida na jikin gida kowa da wifinsa, duk a kan zango ɗaya ake turereniya. Sannan irin waɗannan yawanci ramukan wayarsu 100 Mbps ne iyaka, ko nawa kike biya ba zai wuce nan ba.

Ki nemi wanda aka rubuta AC1200 ko AX1500 ko AX1800, kuma ki tabbata an rubuta Gigabit, wato ramukan wayarsa na kai 1000 Mbps, don akwai AC1200 masu araha da ramukansu 100 ne. AC shi ne Wi-Fi 5, AX shi ne Wi-Fi 6 da ya fito 2019, ya fi iya ɗaukar salula da yawa a lokaci guda amma sai salular ita ma ta san shi za ki ga cikakken amfaninsa. Lambar 1200 kuma haɗi ne aka yi, 300 na zangon 2.4 da 867 na zangon 5, salula ɗaya ba ta hawa duka biyun lokaci guda. Wi-Fi 7 da ake yayi yanzu ki bar shi, kuɗi ne kawai za ki zuba ba ki da abin da zai ci moriyarsa. Kafin ki saya ma ki duba akwatin da kamfani ya ɗaura miki, in shi kansa yana da wifi mai 5 GHz to ki hau shi kai tsaye ki cire na ƙanenki daga tsakani. In dole sai an zauna kan 2.4, a sa wani ya shiga saiti ya gwada tasha ta 1 ko 6 ko 11, su ukun nan ne ba sa hawa kan juna.

Yaran katanga kuwa, ki shiga shafin ruter akwai jerin duk salular da ke kai, ki ƙirga ki ga ko akwai baƙi. Ki canja kod ki sa mai tsawo, harafi da lamba sha biyu ko fiye, ban da lambar wayarki ban da sunan shago ban da shekarar haihuwa. Tsaron ya zama WPA2 ko WPA3, in kin ga WEP to ƙofa ce a buɗe. Ki kashe WPS, wato hanyar nan ta haɗa salula da ruter ba tare da an rubuta kod ɗin wifi ba. Ki kuma canja kod ɗin shiga saitin kansa, wanda yawanci ake bari admin admin, in ba haka ba duk wanda ya hau zai iya shiga ya karanta sabon kod ɗin. Kuma ki sani salulolin yanzu na nuna kod ta hoton QR, yaro ɗaya kika ba to unguwa kika ba. Abin da ya fi shi ne ki buɗe wifin baƙi daban saboda masu zuwa shago da ƴan koyo, ki riƙa canja kod ɗinsa lokaci lokaci, naki na aiki kuma ya zauna ke kaɗai. In kina son taimaka wa maƙwabta don Allah wannan alheri ne, amma ya zama da saninki ne kuma ta wifin baƙin, ruter da yawa na bari a yanka masa iyakar gudu.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar Tawa, mu huɗu ne a ɗaki muna son mu haɗa kuɗi. Ɗan ƙaramin wifin aljihu mai batir ya ishe mu ko sai babba?

AMSA: Barka kadai ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ku huɗu a ɗaki ɗaya na aljihun ya ishe ku, ga shi da batirinsa kuran ya ɗauke ba ruwanku, kuma ya fi ku mayar da salular ɗayanku wifi tana zafi tana cinye batir. Sai dai eriyarsa ƙarama ce, in rezo na da rauni a ɗakin babban ya fi shi kamowa, don haka ku ari ɗaya ku gwada a bakin taga kafin ku saya. Kar ku bar shi a caji dare da rana cikin zafin nan, batirin na kumbura, in kun ga murfin ya fara tasowa ku daina amfani da shi har a canja batir. Ku kuma shiga saitin kowace salula da ordinater ku nuna mata cewa wannan wifin na forfe ne mai iyaka, in ba haka ba ordinater ɗaya zai iya shanye muku kuɗin wata a dare ɗaya da sunan sabuntawa.

Masu tambaya kan Starlink, na ga saƙonninku, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da shi za mu fara.